Shekarar da Na Sare Raken Iri

Kai ɗan fari da bakina bai saba kama sunanka ba, da ke A'i, da kai Sanusi, ku nake yi wa wannan rubutu da ɗan abin da na koya a ajin yaƙi da jahilci. Kun tashi kuna jin ana cewa babanku ne ya rusa gandun gidansu da kwaɗayinsa. Kun ji a bakin 'yan uwanku na ƙauye, kun ji a gidajen biki, har na taɓa jin ɗayanku yana maimaitawa a tsakar gidan nan, ina zaune ina tankaɗe, ban ɗago kai ba. Yanzu idona ya fara rauni, sa'o'ina duk sun riga ni. Ga yadda abin ya faru.

An kai ni gidansu babanku ba da jimawa ba bayan tafiyar Turawa, wani ƙauye ne a bakin gulbi, in ka bar Zurmi ka kama hanyar Gurbin Bore. Gidan masu rake ne tun kaka da kakanni. Maza biyu ne a gidan, Baffanku Garba shi ne babba, babanku ke bi masa, gandu ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Suna da fadama a bayan gida da injin matse rake wanda doki ke ja yana zagaye. In lokacin sara ya zo, tun da hantsi za ka ji kukan ƙarfen injin, ruwan rake na tsiyaya cikin garwa, ana juyewa a manyan kasake ana dafa mazarƙwaila. In ta daskare a ɗora wa jakuna, wata a kai kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, wata a kai Ƙaura jirgin ƙasa ya ɗauka. Raken nasu siriri ne, fari, ba shi da kyan gani, amma duk yankin an san babu mai zaƙinsa. Kakansu ne ya zo da irinsa, ba su taɓa bari ya ɓace ba, domin rake ba a shuka shi da ƙwaya, da jikinsa ake dasa shi. In ba ka bar kara ba, ba ka da na baɗi.

Mazarƙwaila aikin maza ne. Namu na mata shi ne maɗi, wato ruwan raken da aka dafa ya yi kauri amma ba a bari ya daskare ba. Kakarku, uwar su babanku, ita ta koya mini. Za ta sa a ɗibo mata ruwan matsar farko, ta tace da farin ƙyalle, ta ɗora a ƙaramar tukunya a kan wuta kaɗan. Sai ta zauna da ludayi tana kwashe kumfa, tana kwashewa, ruwan yana sauya launi daga kore zuwa ruwan ƙasa, daga nan ya koma ja kamar zuma. Ta ɗiga a tsakanin yatsu biyu ta buɗe su. In ya yi zare bai tsinke ba, ya nuna. In aka ƙara masa ko da tafasa ɗaya, ya wuce, sai dai a yi alewa. Da shi muke shan kunun tsamiya da azumi, da shi ake jiƙa alkakin amare, a zuba a nakiya, a dama wa mai jego koko. Sau uku ina ƙona tukunya kafin hannuna ya faɗa. Ba ta taɓa zagina ba, abin da kawai take cewa shi ne:

"Wuta ba ta son mai gaggawa, ɗiyata. Rage mata itace."

Shekara goma sha wani abu muna cikin wannan rufin asiri. Na haifi ku biyu manya, na haifi Hansatu, wadda kai Sanusi ba ka san ta ba. Kakarku ta makance a hankali, amma ko a hakan da hanci take gane maɗi ya nuna, tana zaune a ƙofar ɗakinta za ta ce a sauke.

Sai shekarar fari ta zo. Damina biyu a jere ruwa ya yi rowa, a ta biyun gero bai ko fitar da kai ba. Gulbi bai kawo ruwa ba, fadama ta tsage har kafa na shiga. Raken gandu ya bushe a tsaye. Abin da su babanku suka iya ceta shi ne kunya huɗu a kusa da wata rijiya da suka haƙa a cikin yashin gulbi. Suka kewaye wurin da shingen ƙaya, suna ba shi ruwa da guga safe da yamma. Wannan shi ne raken iri, shi kaɗai ya rage a duk ƙauyen. A gida kuwa mun koma cin dusa da ganyen tafasa. Matar Baffanku ta kwashi 'ya'yanta ta tafi gidansu a Moriki. Da rumbu ya ƙare ƙaf, Baffanku ya kwance dokin injin, wanda shi ya yi kiwonsa tun yana ɗan tsako, ya ce zai kai shi Shinkafi ya sayar, ya wuce kudu ya nemo mana hatsi. Ranar da zai tafi ya tsaya a tsakar gida, linzami a hannunsa, ya ce wa babanku, da ƙarfi don kowa ya ji:

"Wanga rake shi ne gidan nan. Ko ni anka ce maka na mutu, ka ba shi ruwa kafin ka zo jana'iza. Kada a taɓa ko kara ɗaya."

Babanku ya ce, "Na ji, Yaya."

Bayan tafiyarsa da 'yan kwanaki ƙyanda ta shigo gari. Ku biyu kun yi, kun tashi. Hansatu ce ta kwanta ba ta tashi ba. Shekararta huɗu, yarinya ce mai surutu, ta fi kowa son zama kusa da murhu in ana dafa maɗi don ta lashi ludayi. Ƙurajen suka bushe a jikinta amma suka cika mata baki da maƙogwaro. Na dama kunun dusa, ta kau da kai. Na matsa mata, ta amayar. Kwana uku babu abin da ya shiga cikinta sai ruwa. Wuyanta ya koma kamar sillen kara, idanun suka faɗa. A rana ta huɗu ina riƙe da ita, na kai mata ludayi baki, ta buɗe ido ta dube ni ta ce, da wata 'yar murya da sai na sunkuya na ji:

"A sa mani maɗi."

Babu maɗi a gidan, babu mazarƙwaila ko gutsure a duk ƙauyen, na aika har Zurmi ba a samu ba. Babanku kuwa in ya ba rake ruwa da asuba sai ya wuce daji saran itace, ya kai Zurmi ya musanya da abin da ya samu, ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi. Ban yi shawara da kowa ba, kada ku ce wani ya zuga ni. Da rana ta take tsaka, lokacin da kowa ke kwance a inuwa saboda yunwa da zafi, na ɗauki wuƙa na fita ta bayan gida. Na janye reshen ƙaya ɗaya daga shingen, na kutsa har tsakiyar kunyoyin inda ganye ya yi duhu, na sare kara biyu. Na naɗe su a zane, na mayar da ƙayar, na dawo gida. Na fere, na daddatsa, na daka a turmi a hankali don kada a ji, na matse a tsumma. Ruwan bai fi rabin ƙaramar ƙwarya ba. Na ɗora a wuta.

Na manta da hancin kakarku. Tana zaune a ƙofar ɗakinta, sai na ga ta ɗaga kai.

"Rabi, mi kike dafawa?"

"Ruwan zafi ne, Inna."

"Idona ne ya mutu, ba hancina ba."

Na tsaya da ludayi a hannu. Ina jira ta ɗaga murya. Ita kuwa tana juya carbinta. Daga ɗaki ana jin numfashin Hansatu yana fita da ƙyar. Can sai ta ce:

"Kwashe kumfar. Kin cika mata wuta, za ya ƙone."

Na zuba maɗin a kunu na kai wa Hansatu. Ta shaƙi ƙamshin, ta buɗe baki da kanta. Ludayi huɗu ta sha. Ban taɓa jin daɗin wani abu a duniya kamar ganin maƙogwaron yarinyar nan yana motsi ba. Na watsa kashin shanu a murhu don hayaƙin ya kashe ƙamshin kafin babanku ya dawo. Sauran raken da na matse na ba ku ku biyu kuka tsotsa a bayan ɗaki, na ce in kun faɗa wa kowa dodo zai kama ku. Wataƙila kun manta.

Na ce wa kaina sau ɗaya ne. Amma bayan kwana biyu maɗin ya ƙare, ta sake kau da kai, na sake ɗaukar wuƙa. Haka na yi ta yi kusan mako biyu, yau kara biyu, jibi uku. Tana sha, amma ba ta ƙaruwa. Ƙafafunta suka fara kumbura. Ina gani, ina ƙin gani.

Ranar ƙarshe Laraba ce. Ina tsugune a cikin raken, na sare kara ɗaya ke nan, sai na jiyo muryar kakarku daga cikin gida tana kiran sunana, irin kiran da ban taɓa ji daga bakinta ba. Na yar da raken na ruga. Ban mayar da ƙayar ba. Na tarar da tsohuwa ta rarrafa har ɗakina ta rungume yarinyar, jikin ya sandare, idanu sun juye. Na karɓe ta ina kiran sunanta ina tofa mata duk abin da na sani. Kafin la'asar ta cika a cinyata.

Aka aika daji aka kira babanku. Aka yi mata wanka, maza suka tafi da ita. Babu wanda ya tuna da fadama, ni ma ban tuna ba. Awakin gari da wasu shanu da yunwa ta raba da garke suka ga ƙofa a buɗe. Da babanku ya dawo daga maƙabarta ya ɗauki guga kamar yadda ya saba, ya tarar da su a ciki. Abin da ba su ci ba sun tattake, wani sun tumɓuke shi da saiwa. Ya kore su, ya gyara shingen, ya ci gaba da ba kututturan ruwa ko za su yi toho. Kaɗan suka tsiro, gara ta bi ta cinye. Bai ce mini komai ba, ni ma ban iya duban idonsa ba.

Baffanku ya dawo da rabin buhun dawa a kan jakin haya, shi ne abin da dokinsa ya zama. Bai shigo gida ba sai da ya bi ta fadama. Ina cikin ɗaki na ji shigowarsa, ko sallama bai yi ba. Na leƙa ta bakin asabari na gan shi tsaye da kututturen rake a hannu. Maƙwabta sun biyo shi har zaure. Babanku ya fito ya durƙusa, ya fara yi masa bayanin rasuwa da dabbobin da suka shiga. Baffanku ya miƙa masa kututturen dab da fuska.

"Haƙorin akuya ba ya yanka haka. Wannan wuƙa ce. Na ƙirga irinsa sun fi ashirin. Wa ya sara?"

Na miƙe. Wallahi na miƙe, hannuna na kan asabari, bakina a buɗe. Sai na ji babanku ya ce:

"Ni na sara, Yaya."

"Kai? Don mi?"

"Yunwa ta dame ni. In na je ba shi ruwa sai in sari ɗaya in sha. Ni na bar shinge a buɗe."

Baffanku ya yi baya kamar an mare shi.

"Ɗiyarka na kwance tana mutuwa, uwarka na cin dusa, ni na sai da dokina ina yawo a ƙasar mutane, kai kana cikin rake kana tsotso?"

Babanku bai ɗago ba. Na dubi kakarku, ta juya fuskarta ga bango. Ni kuma na saki asabarin na koma na zauna.

Da mutane suka watse babanku ya shigo ɗaki, na kama ƙafarsa ina kuka na ce ya bar ni in je in faɗi gaskiya. Ya ce in na faɗa, Yaya ba zai ƙara yarda in kwana a gidan ba, kuma dangi za su goya masa baya, a kore ni a riƙe ku. Ya ce rashin Hansatu ya ishe shi, ba zai ƙara muku ku biyu rashin uwa ba. Na ce ai da ya ce don Hansatu aka yi. Ya ce da ya faɗi haka, kowa zai tambaya wa ya dafa. Sannan ya ce:

"Kuma ban yi ƙarya duka ba. Tun sara na biyu na gani. Ni ke bi ina rufe kututturan da ƙasa."

Kafin damina aka raba gandu. Dattawa suka ce tunda Baffanku ya yi asarar dokinsa don gida, shi zai riƙe fadama da injin. Aka ba babanku wata gonar tudu, jigawa ce zalla. Aka laƙaba masa suna Maci-iri, yara na rera shi in ya wuce, manya na yin shiru in ya iso majalisa. A masallaci ya koma sahun baya. Kakarku ta rasu a wannan bazarar. Kwana biyu kafin ta cika ta kama hannuna ta matse, na ɗauka za ta ce in faɗa, ko ta ce kada in faɗa. Ba ta ce ko ɗaya ba. Shekara na zagayowa muka ɗaure 'yan komatsanmu muka taho Ƙaura.

A nan babanku, mutumin da manyan 'yan kasuwar Shinkafi ke tashi su tarbe shi saboda mazarƙwailarsa, ya zama ɗan dako a tashar jirgi. Buhun hatsi, dilar auduga, ƙirgin fata, duk a bayansa. Da jirgin ya fara ja baya ya koma dako a kasuwa. Ni kuma na koma sana'ar da na iya. Sai in sayi mazarƙwailar wasu in farfasa, in narka da ruwa, in jefa citta da kanumfari, in dafa ta koma maɗi, in yi alkaki da kunu ana saye a gida. Da shi kuka yi makaranta. Kun sha tambayata me ya sa babanku ke shan kununsa ba zaƙi, ina ce muku ciwon haƙori yake yi. Haƙoransa lafiya lau suke har ya mutu. Can ƙauye Baffanku ya samo wani irin rake daga wani gari ya dasa, bai yi zaƙin na dā ba, ga sukarin kwali ya cika kasuwa. Injin ya yi tsatsa a inda yake. Duk wannan ma a kan babanku aka ɗora.

Na roƙe shi ya fi a ƙirga. Farko ya ce bari yara su girma. Da kuka girma ya ce bari a aurar da A'i, kada dangin miji su ji abin faɗa a kan uwarta. Da aka aurar ya ce maganar ta tsufa, a bar ta. Ni kuma, in faɗa muku gaskiya, duk lokacin da ya ce a'a sai in ji sanyi a raina. Ina roƙo ne ina fatan ya hana.

Bai ga ranar da aka ba mu jiharmu ba. Tari ya kama shi, bayansa ya riga ya lanƙwashe, ya yi wata uku a kwance. Wata rana da yamma ana yayyafi, ina goge masa fuska, sai ya ce mini, ba tare da wata magana ta kawo ba:

"Hansatu ta sha kuwa? Ban taɓa tambayarki ba."

Na ce ta sha. Na ce da kanta ta buɗe baki.

Ya lumshe ido ya ce, "To, alhamdu lillahi."

Bayan kwana biyu ya rasu.

Ranar addu'ar uku Baffanku ya zo daga ƙauye, ya tsufa, yana dogara sanda. Rabonsa da ƙanensa tun ranar da muka bar gari. Ya ce a yi masa iso wurina. Ɗakin cike yake da mata, ku ma kuna tsaye a bakin ƙofa, kuna iya tunawa. Ya zauna a kan tabarma ya yi mini gaisuwa, hawaye na bin gemunsa. Babu sauran wanda zai kore ni daga ko'ina, babu miji da zai hana ni, ga mutumin a gabana taku biyu. Ya share fuska ya ɗaga murya don kowa ya shaida:

"Rabi, abin da ya yi muna shekarar fari, na yafe mashi duniya da lahira. Allah shi gafarta mashi kwaɗayinshi."

Ɗaki ya amsa da amin. Kowa na jiran ta bakina. Na ja mayafina na rufe fuska, na ce:

"Mun gode, Yaya."

Damina biyu bayan nan shi ma ya rasu, yana ganin ya yi wa ƙanensa alheri.